Barcin jariri ba hutun mai raino ba ne

Wata Laraba na dawo daga aiki wajen ƙarfe bakwai da rabi na dare, bayan na sha cunkoson hanyar Kubwa a nan Abuja. Na tarar da Iya, matar da ke yi min raino, tsaye a kicin da goyo a bayanta. Hannu ɗaya tana cin tuwo, ɗayan ta mayar baya tana bubbuga yaron. Tuwon na rana ne, ya huce har ya yi ɓawo a sama.

Na ce, "Iya, sai yanzu kike cin na rana?"

Ta ce, "Hajiya, yau bai yarda na sauke shi ba, haƙori ke damunsa."

Na ce, "To ai kin ce ya yi barci da azahar. Da kin ci, kin ɗan miƙe."

Ta ce, "Da ya yi barcin na wanke kayansa da fidoji, na yi sallah. Kuma Hajiya, ko na kwanta kunnena na wurinsa. Ai mai raino ba ta barci, sai dai ta rufe ido."

A daren na zauna na yi lissafin da ban taɓa yi ba tun da ta zo gidana. Iya na tashi biyar da rabi na asuba ta ɗora ruwan wanka ta shirya babbar 'yata makaranta, kuma ba ta shiga ɗakinta sai goma na dare. Awa 16 da rabi ke nan. Kwana bakwai a mako, domin ban taɓa ware mata rana ba, ya kama awa 115 da rabi. Ma'aikacin gwamnati da ke shiga ofis a Sakatariya ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe huɗu, Litinin zuwa Juma'a, awa 40 yake yi, a cikinsu ma yana fita sallah da cin abinci. Ni ban taɓa zagin Iya ba, ban taɓa riƙe mata albashi ba, abin da muka ci shi take ci. Duk da haka ta doshi ninki uku na aikin ma'aikacin ofis, kuma ni na tsara mata hakan ba tare da na taɓa ganinsa a matsayin tsari ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na koma na duba Dokar Ƙwadago ta Nijeriya shi ne yadda ta riga ta amsa gardamar da na yi wa Iya a kicin. Tsohuwar doka ce, tun zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon a shekarun 1970, aka sake jera ta cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Sashe na 13 ya ce ma'aikacin da ke aiki awa shida ko fiye a rana dole a katse masa aikin da hutu, sau ɗaya ko a rarraba, wanda jimillarsa ba za ta gaza awa guda ba. Sai dokar ta fayyace abin da take kira hutu, kuma sharuɗɗan nata suna da tsauri: an yanke tsawonsa tun kafin lokacin, ma'aikacin yana da ikon yin abin da ya ga dama da lokacin, kuma ba a tilasta masa zama a wurin aiki ba.

A ɗora barcin jariri a kan wannan ma'auni a gani. Babu wanda ya san tsawonsa, yau minti ashirin, gobe awa biyu, jibi ƙarar janareta ko bugun ƙofar mai kawo ruwa ya tashe shi tun bai yi nisa ba. Mai raino ba ta da ikon lokacin, domin ko wanka ta shiga sai ta bar ƙofar banɗaki a buɗe. Fita kuwa ba a ma maganarta: wadda ta bar jariri yana barci ta leƙa bakin get sayen kati, korarta za a yi a ranar, kuma da gaskiyar masu gida. Ashe abin da muke kira hutunta jira ne, gadi ne irin na maigadi da ke zaune a kan benci. Babu mai cewa maigadi ba ya aiki don kawai ɓarawo bai zo ba.

Akwai rangwame a cikin sashen, kuma adalci ne a faɗe shi. Idan yanayin aikin ya sa ba makawa, ana iya maye gurbin hutun da lokacin cin abinci a wurin aikin ko kusa da shi. Uwar da ta tafi ofis ta bar mai raino ita kaɗai da jariri tana iya fakewa da wannan, domin da gaske babu yadda za a yi a rufe yaro a ɗaki a tafi hutu. Amma ko rangwamen lokacin cin abinci ya ce, lokacin da aka saki mutum daga aiki don ya ci. Tuwo a tsaye da goyo a baya bai shiga ciki ba. Sannan sashen ya ƙara wani abu da ya fi kowanne muhimmanci ga masu kwana a gidan aiki: a cikin kowane kwana bakwai ma'aikaci na da hutun rana guda, awa 24 a jere. Idan aka ci masa wannan hutu, sai a rama masa cikin kwana 14, ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci. Wasu sassan sun ba shi hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida da albashi bayan ya cika wata 12, da kwanakin jinya har 12 a shekara, da takardar sharuɗɗan aiki a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce doka tana nan, bin ta ne ba a yi. To akwai ƙulli. Duk waɗannan haƙƙoƙi na wanda dokar ta kira ma'aikaci ne, kuma sashe na 91 da ya fassara kalmar ya cire wanda aka ɗauka aiki ba don harkar kasuwancin mai ɗaukar aikin ba. Mai raino a gidan wani a Gwarimpa, harkar kasuwancin wa take yi? A nan fahimta ta rabu. Mai karatu ɗaya zai ce an cire ta ke nan, tunda gida ba kamfani ba ne. Wani zai ce dokar ta san da ita, domin a cikin sashe na 91 ɗin an fassara mai aikin gida, har da direban motar gida, kuma sashe na 65 ya ba Ministan Ƙwadago ikon fitar da ƙa'idoji kan ɗaukarsu da masaukinsu da yanayin aikinsu. Ni a nawa karatun, dokar ta ga mai aikin gida, ta ambaci sunanta, sannan ta ajiye ta a bakin ƙofa ta ce ta jira minista. Haka ma dokar mafi ƙarancin albashi: naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma babu gidan da ke da masu aiki 25 in ba fada ba.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan Abuja, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin shari'un ƙwadago, har da ikon duba yadda ake yi a sauran duniya. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Matar da dillaliya ta kawo daga ƙauye, wadda ba ta da takarda ko ɗaya a hannu, wadda ɗakin kwananta ma na mai gidan ne, ba za ta kai ƙara don an hana ta awa guda ba. Abin da take yi shi ne ta haƙura har Sallah ko Kirsimeti, ta ce za ta je gaida gida, ta kashe waya. Sai uwargida ta shiga yi wa ƙawaye kuka cewa masu aikin yanzu ba sa zama.

Wannan batu na jira a faɗake ba mu kaɗai ya dama ba. A ranar 16 ga Yunin 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 189 kan masu aikin gida a taronta na Janiba, ta fara aiki a 2013. A cikinta an ce lokacin da mai aikin gida ba ta da ikon kanta, tana zaune tana jiran a kira ta, ana lissafa shi cikin lokutan aiki gwargwadon yadda dokar kowace ƙasa ta tsara. An kuma ce wadda ke kwana a gidan aiki ba a tilasta mata zama a gidan a lokacin hutunta na rana ko na mako ba. Nijeriya ba ta rattaba hannun amincewa da ita ba. Afirka ta Kudu ta yi a 2013, kuma tun kafin nan tana da ƙa'idar masu aikin gida ta musamman: awa 45 a mako, hutun cin abinci bayan awa biyar na aiki, sannan zaman jiran kira da dare, daga ƙarfe takwas zuwa shida na safe, yana da nasa kuɗin kuma an iyakance shi zuwa sau biyar a wata. Ba ina cewa kowane gida a can yana bi ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne sun ba kwanan jira suna da farashi, mu kuwa a nan ko suna ba shi da shi.

Na daɗe ina tunanin yadda muka faɗa cikin wannan hali, mu da ba mugaye ba. A gidan da na tashi, jariri ba ya wuni a bayan mutum ɗaya. Uwa ta goya, in za ta ɗora girki ta miƙa wa kishiya ko matar ƙanin miji. Kaka tana zaune a tabarma a inuwa, ita ke karɓa da rana. 'Yan mata su dawo daga islamiyya suna rige-rigen ɗauka. Kafin magariba yaro ya ratsa hannu biyar ko shida, kuma babu wadda za ta ce ta yi aikin raino, domin kowa guntu ya taɓa. Da muka zo Abuja muka kama gida mai ɗaki biyu a bayan katanga, kaka tana Zariya ko Katsina, maƙwabcin da muke haɗa bango da shi ko sunansa ba mu sani ba. Hutun haihuwa a Dokar Ƙwadago mako 12 ne, shida kafin haihuwa shida bayanta, sai uwa ta koma aiki da jariri ɗanye. Aikin da gida guda ke rabawa sai muka tattara shi muka ɗora wa mace ɗaya, muka kuma ci gaba da kallonsa da idon da, wato ai riƙon yaro ne kawai, mene ne abin gajiya a ciki. Muka ƙara mata da shara da wanke-wanke da guga, tunda dai tana gida.

Daga nan ne na gane inda matsalar take. Mai shago zai iya ja ƙofa ya tafi masallaci, tela zai iya tsayar da keke. Mai raino ba ta da ƙofar da za ta ja. Hutunta ba ya samuwa sai wani babba ya miƙo hannu ya ce kawo shi, je ki. Ko da gobe majalisa ta rubuta mata awa guda ƙarara a doka, awar ba za ta fito ba sai an san wanda zai karɓi yaron da kuma ƙarfe nawa. Shi ya sa duk yarjejeniyar da aka yi da mai raino ba a ambaci mai karɓa ba, ni ban ɗauke ta yarjejeniyar hutu ba.

A gidan da uwa ko wata babba take wuni, abin mai sauƙi ne, niyya kawai yake so: daga azahar zuwa ƙarfe uku, misali, yaro na hannun uwa, kuma ko ya yi kuka ba a ƙwala wa mai raino kira. A gidan da iyaye biyu ke fita, hutun tsakiyar rana ba zai yiwu yadda ya kamata ba, to sai a biya bashin ta wani wajen. A sauke mata aikin gida a lokacin barcin yaro, ta zauna ta ci abinci da zafinsa. Idan iyaye suka dawo, aikinta ya ƙare a lokacin da aka yanke, ba sai an gama kallon labarai an yi waya da 'yan'uwa ba. A nan dole in yi magana da iyaye maza. Uban da ya dawo gida ƙarfe shida ya zauna a falo da waya, jaririnsa na bayan matar da ta tashi tun asuba, shi ne hannun da ake nema. Ɗaukar ɗanka na awa guda bai rage maka komai ba.

Masu zuwa su koma kuma nasu kalar daban ce. Wadda ke zaune a Mararaba ko Masaka tana aiki a Wuse ko Maitama, tun duhun asuba take fitowa neman mota don ta riga cunkoson Nyanya. An yi da ita za ta tashi biyar. Biyar ta yi, sai waya: "Ina hanya, ki ɗan ƙara haƙuri." Shida ta wuce, bakwai ta yi. Ba za ta iya tafiya ba tunda ba a barin yaro, kuma duk mintin da aka ƙara mata a nan, sai ya ninka a tasha, ga kuɗin mota da ke tashi da dare, ga nata 'ya'yan da ke jiran ta dawo ta ɗora tukunya. Sashe na 13 ya kira duk abin da ya haura lokacin da aka yi yarjejeniya a kai ƙarin lokaci. Uwargida ba ta da laifin cunkoso, amma ba daidai ba ne mai raino ce kaɗai za ta riƙa biyan kuɗinsa. A rubuta lokacin a littafi, a biya a ƙarshen wata, ko a sallame ta da wuri ranar Juma'a.

Na san amsar da ake bayarwa, domin ni ma na bayar da ita: ai mun ɗauke ta kamar 'yar gida. Sau da yawa da zuciya ɗaya ake faɗa. Amma 'yar gida tana iya cewa yau na gaji, tana iya shiga ɗaki ta ja ƙofa, tana iya zuwa biki. Idan wadda aka kira 'yar gida ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, to sunan ya zama hanyar da ake bi a ƙi yin lissafi da ita. Hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda muke yawan jawowa kan ciyar da na ƙarƙashinmu daga abin da muke ci da tufatar da su daga abin da muke sawa, bai tsaya a nan ba. Ya ci gaba da cewa kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kuwa an ɗora to a taimaka musu. Rabin farko muka riƙe, domin shi ake gani a ido, atamfar Sallah da naman miya.

Amsa ta biyu ita ce tsoro, kuma ba na raina shi. Ana cewa in ka bar ta tana fita za ta haɗu da miyagu, za ta nuna musu gida, za a hure mata kunne. A garin da ake fama da sata da garkuwa da mutane, wannan ba zancen banza ba ne. Amma maganinsa a wurin ɗauka yake: a san danginta, a san mai tsaya mata, a san inda take zuwa. Kulle babbar mace a gida wata da watanni bai zama tsaro ba. Kuma akwai wani haɗarin da ya fi kusa da jaririn, wanda ba mu cika lissafawa ba. Wadda barci ya ci ƙarfinta ita ce za ta gyangyaɗa a kan kujera da jariri a ƙirji, ita ce za ta manta ruwan zafi a ƙasa, ita ce haƙurinta zai ƙare a kan kukan da ya ƙi tsayawa, alhali girgiza jariri da ƙarfi na iya lalata masa ƙwaƙwalwa. Yanzu gidaje da yawa sun sa kyamara, uwa na ofis tana leƙawa ta waya. Na ji wadda ke ƙorafin ta ga mai rainonta a kwance da rana. Na tambaye ta ina yaron yake a lokacin, ta ce yana barci a gefenta. Kyamarar ta nuna mata kwanciyar minti talatin, amma ba ta duba ta ga tashi uku da matar ta yi cikin dare ba.

Duk wannan magana a kan manya nake yi. Yarinya 'yar shekara goma ko sha uku da aka kawo daga ƙauye tana goyon ɗan wani, batunta ya wuce na hutu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta hana sa yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsu, kuma dokar hana fataucin mutane ta 2015 da hukumar NAPTIP ke aiwatarwa ta sa ɗaurin kurkuku ga wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Ita makaranta ce wurinta.

A gidana, abin da muka yi bayan wannan Larabar ba shi da yawa. Na zauna da Iya da maigidan muka rubuta a takarda. Ƙarfe bakwai na dare aikinta ya ƙare, duk wanda ya riga dawowa cikinmu shi ke karɓar yaro, in kuma dukanmu muka makara a rubuta. Wankin manya da guga muka ba mai wanki. Daga yammacin Asabar zuwa yammacin Lahadi nata ne, tana zuwa wurin 'yarta a Suleja. Makon farko da aka ce ta tafi sai ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta ta ce, "Hajiya, ko dai na yi wani laifi ne?" Sai da na rantse mata kafin ta yarda ba sallamarta ake shirin yi ba.

Dare ne ya fi ba mu wuya. Yaron ya saba da bayanta, in ya farka ƙarfe biyu ita yake nema, kuma ni ina da fita da sassafe. Mun koma kwana da shi a ɗakinmu, muka yi kusan mako biyu muna kwana ido biyu ni da babansa, muna karɓa-karɓa. Ranakun da aiki ya kai ni wani gari, Iya ke kwana da shi, kuma kowane dare irin wannan yana da kuɗinsa daban da albashi, washegari kuma ba ta fitowa sai ƙarfe tara.